'Yan agwagin inji: yaushe ake sakinsu cikin manya?

"Assalamu alaikum Alhaji. Ina zaune a Aboabo, nan Kumasi. Ina da agwagi biyar a bayan gida, toro ɗaya da mata huɗu. Ɗana ya kawo mini ƙaramin injin ƙyanƙyasa, na sa ƙwai goma sha takwas, goma sha ɗaya suka fito. Da suka kwana goma na ga sun yi wayo, sai na sake su cikin manyan. Ko minti biyar ba a yi ba toron ya cafki ɗaya a wuya yana jijjiga shi, da ƙyar na ƙwace, har yanzu yana ɗingishi. Matan kuwa ko kallonsu ba su yi ba, har da wadda ta saka ƙwan. Kafin la'asar kuma na tarar da ɗaya a bahon ruwan manyan, ya mutu. Na kwashe goman na mai da su kwali a ɗaki. Ashe agwagwa ma ruwa yana cinta? Kuma yaushe zan haɗa su, ta wace hanya?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya mayar miki da alheri, ya raya goman da suka rage. Kada ki zargi kanki da yawa. Kusan duk wanda ya fara da inji sai ya ɗanɗana irin wannan asarar, ni ma na ɗanɗana tawa tun ina Asawase, kuma tawa ta fi taki ciwo.

Idan na fahimce ki, abu biyu kike tambaya. Me ya sa ɗan agwagwa, wanda kowa ya san gidansu ruwa ne, zai mutu a baho? Sannan yaushe kuma ta yaya za a haɗa ƙanana da manya ba tare da an yi ɓarna ba? Tushen amsar ɗaya ne. Inji kwanci kawai ya iya, da ƙwai ya fashe aikinsa ya ƙare. Ita kuwa uwa a ranar nata aikin yake farawa: ita ce bargo, ita ce mai shafa musu mai, ita ce mai gadi, ita ce kuma take shigar da su cikin dangi. Tunda babu ita, duk a kanki suka faɗo, kuma ba za ki huta ba sai gashi ya rufe su.

Tunda kin ce agwagin bayan gida ne, na ɗauka irin namu ne da aka saba, masu jan tsiro a fuska, waɗanda toronsu ba ya kuka sai huci da kaɗa jela. Su ne Turawa suke kira Muscovy, asalinsu daga Kudancin Amurka da Amurka ta Tsakiya. Ƙwansu kwana 35 yake yi, saɓanin farar Pekin da Khaki Campbell masu kwana 28. Jinkirin bai tsaya a ƙwai ba, gashinsu ma ya fi daɗewa bai cika ba. Pekin a mako bakwai zuwa takwas ta gama rufuwa, namu kuwa sai wajen mako goma zuwa goma sha biyu fiffike yake kammala. Idan kika ga wani a intanet yana cewa ya haɗa nasa a mako shida, ki fara duba wane iri yake kiwo.

Me ya sa uwar ta yi kamar ba ta san su ba

Agwagwa ba ruwanta da wanda ya saka ƙwai, abin da ta kwanta a kai shi ta sani. Makonni biyar ɗin nan da take yi a maƙale, ba ta tashi sai don ta ci ta yi wanka ta dawo, su ne suke juya mata jiki ta zama uwa. A kwanakin ƙarshe har tana jin kukan 'ya'yan daga cikin ɓawo, su ma suna jin nata sautin. Taki ba ta yi wannan zaman ba, don haka a idonta waɗannan baƙi ne da suka zo cin abincinta.

Su ma ƙananan ba su san ta ba. A yini ɗaya ko biyu na farko, duk abin da ɗan agwagwa ya gani yana motsi yana sauti kusa da shi, shi ne uwarsa. Wani masani ɗan Ostiriya, Konrad Lorenz, wanda ya samu kyautar Nobel a 1973, da 'ya'yan dinya ya yi suna a kan wannan, suka riƙa binsa tiri-tiri duk inda ya sa ƙafa. Naki ke suka gani da kika buɗe injin. Na tabbata idan kin leƙa kwalin dukansu wajenki suke rugowa. Wannan ba aibu ba ne, zai ma yi miki amfani nan gaba, domin da muryarki za ki riƙa kiransu su shiga akurki. Sai dai ba su koyi zaman agwagi ba. Ba su san idan babba ya miƙe wuya ya yi ƙasa da kai ana matsawa ba ne. Wannan karatun a hankali za su yi shi, kuma ta bayan raga.

Ruwa

Babbar agwagwa ba ta jiƙewa ne saboda wani ɗan ƙulli da ke saman gindin jelarta mai fitar da mai. Kin sha ganinta bayan wanka tana kai baki can tana goga wa ƙirji da fuka-fukai. Ga kuma gashin kansa da ya saƙu da juna, ruwa ba ya ratsa shi. Jariri ba shi da wannan gashin, sai lallausan gashi kamar auduga, ƙullin nasa kuma bai fara aiki sosai ba. Wanda uwa ta ƙyanƙyashe yana samun ɗan mai daga jikinta duk lokacin da ya shige ƙarƙashinta, sannan ita ta san lokacin fito da su, ta kwanta a kansu su bushe. Ɗan inji zai shiga ruwa da murna, ya yi iyo kamar gaske, bayan 'yan mintoci audugar ta sha ruwa ta yi nauyi, sanyi ya kama shi. Ya zo bakin baho, roba ce mai santsi, ga tsayi, ya yi ta tsalle yana komawa har ƙarfinsa ya ƙare. Abin da ya kashe naki ke nan, gajiya da sanyi.

Idan haka ta sake faruwa, Allah ya kiyaye, kada ki yi saurin yarwa. Na taɓa tsamo ɗaya a cikin bokitin wanke-wanke, ya sandare, ƙafafu a miƙe, ido a rufe, har na ɗaga hannu zan jefa shi a shara. Uwargidana ta karɓe shi, ta goge shi da tsohon zani, ta sa shi a cikin rigarta ta zauna kusa da kurfoti tana damun koko. Wajen rabin awa sai ga ɗan kuka can ƙasa-ƙasa. Kafin ta sauke tukunya ya fara mutsu-mutsu yana neman fitowa. Wannan ɗan ya rayu ya zama toro. Ɗumi a hankali ake ba shi, ba a kara shi da wuta, kuma ba a ɗura masa komai a baki sai ya iya ɗaga kansa.

Amma kada tsoron baho ya sa ki hana su ruwa, wannan ma kisa ne. Agwagwa da ruwa take haɗiye abinci, kuma dole ta tsoma baki har hanci ta fyace, ta wanke ido. Idan ruwan bai kai zurfin hanci ba, ƙofofin hancin suna toshewa da dusa, ido ya fara kwantsa. Abin da nake yi, nakan ɗauki galan na roba, in yanka tagogi a gefe daidai shigar kai, jiki ba ya wucewa. Idan sun girma in sake wani galan mai manyan tagogi. A makon farko faranti da tsakuwa a ciki ma ya isa. Idan ruwan ya ƙare suka daɗe ba su sha ba, ki fara ba su ruwa kaɗan-kaɗan kafin abinci, kada su shaƙe da busasshiyar dusa.

Wanka kuma, tunda sun wuce kwana goma, za ki iya fara musu. Da tsakar rana, a tire ko faffaɗan kwano, ruwa mai ɗan ɗumi wanda ƙafarsu take taɓa ƙasa, minti biyar, kina tsaye. Ki goge su ki mai da su wurin ɗumi. Wankan nan shi yake sa su fara gyaran gashi da baki, shi kuma yake tayar da ƙullin man.

Ɗumi, da maganar kwali

Mutane sukan ce Kumasi ai ba ta da sanyi. Ga mutum haka ne. Ɗan agwagwa a makon farko yana son kamar digiri 32, ana rage masa kamar uku duk mako, mu kuwa darenmu yana sauka wajen 21 ko 22, musamman a Yuli da Agusta da kuma asubahin hunturu. Naki yanzu suna buƙatar ƙarin ɗumi da dare har su kai mako uku, idan damina ta yi ƙarfi har huɗu. Da rana a ɗaki yawanci ba sa buƙata. Ba sai kin sayi ma'aunin zafi ba, su ne ma'aunin. Idan sun cure a kan juna suna kuka mai tsini, sanyi ne. Idan sun watse gefe-gefe baki a buɗe, zafi ya yi yawa. Idan wasu na barci a miƙe wasu na ci, kin daidaita.

Ki lura da kwan fitila. Fararen nan na zamani haske kawai suke bayarwa, ba zafi. Tsohon kwai mai zare shi ne mai ɗumi, shi kuma tun 2008 doka ta hana shigo da shi Ghana, don haka sai ki nemi kwan ɗumama kaji a shagon masu maganin dabbobi. Kuma ki yi tanadin dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, don wuta ba ta sallama kafin ta tafi. Kwalbar ruwan zafi a naɗe da tsumma tana riƙe su sa'o'i. Tukunyar ƙasa da garwashi ma tana yi, ita masu kaji da yawa suke amfani da ita, amma sai gawayin ya gama ruruwa a waje, kuma taga a buɗe. Garwashi a rufaffen ɗaki yana kashe tsuntsu, yana kashe mai tsuntsun.

Kwalin nan ba zai kai ki mako mai zuwa ba. Agwagwa ba kaza ba ce, ɓarnar ruwa gare ta, kashinta ma ruwa ne, kuma girmanta kamar ana hura ta. Ki sa kafinta ya haɗa miki akwati mai faɗi da murfin raga. A ƙasa ki zuba ɓarɓashin katako mai kauri irin na fira, ana samunsa wajen masu katako a Sokoban ko wurin kowane kafinta na unguwa. Garin zarto mai laushi ba ya yi, cinsa suke. Ɓuntun shinkafa ma yana yi. Kada ki shimfiɗa leda ko jarida, santsi yana raba musu ƙafafu. Duk inda ya jiƙe ki kwashe kullum, domin jiƙaƙƙen ɓarɓashi yana yin fumfuna, ita kuma tana shiga huhu.

Abinci

A nan zan ɗan daɗe, don a nan na yi tawa asarar. Wata shekara na samu masara da araha a kasuwa, ƙarshen damina, mai sayarwar tana ta rage mini kuɗin olonka, gwangwanin awon hatsi, har na ji kunya. Na ga wasu ƙwayoyin sun yi duhu, da ɗan wari-wari, na ce ai agwagwa ce, abin kwata ma ci take. Na ɓarza na haɗa musu. Manyan suka ci, ban ga komai ba. Ƙanana ashirin da 'yan kai, a cikin mako guda suka daina ci, suka fara tangaɗi, wasu su faɗi su banƙare kai baya. Kaɗan ne suka tsira. Malamin dabbobin da ya buɗe mini biyu ya nuna mini hantar, ta yi fari-fari, ya ce in kawo masarar ya gani.

Fumfunar masara da gyaɗa tana fitar da guba da ake kira aflatoksin, kuma a cikin tsuntsayen gida babu wanda take yi wa illa da sauri kamar ɗan agwagwa. An gano ta ne bayan 1960, lokacin da talotalo sama da dubu ɗari suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Brazil. Bayan nan masu bincike da ɗan agwagwa mai kwana ɗaya suka riƙa gwada abinci, don shi ne yake fara nunawa. Mu kuma a ƙasa mai laima muke, hatsi ba ya bushewa da sauƙi. Dafawa ba ta kashe gubar, shanyawa daga baya ma ba ta cire ta. Abin da ba za ki tuƙa wa iyalinki ba, kada ki ba su. Buhun abinci ki ɗora shi a kan katako, ki sayi wanda zai ƙare a mako biyu ko uku.

Abincin 'yan tsaki na buhu, wanda ake kira stata, shi ne mafi sauƙin samu, kuma yana yi. Furotin ɗinsa kamar kashi 20 zuwa 22 cikin ɗari ne, daidai da buƙatarsu a mako biyu na farko. Gibinsa ɗaya: akwai wani sinadari cikin dangin bitamin B mai suna niyasin, wanda agwagwa take buƙata fiye da kaza, na cikin masara kuma jiki ba ya iya cirarsa. Idan ya yi ƙaranci sai ki ga ƙafa ta gwame, gwiwa ta kumbura, ɗan ya yi taku uku ya zauna. Ki nemi bitamin na zubawa a ruwa, ki karanta takardar ki tabbata akwai niyasin a ciki. Ɗan garin busasshen kifi irin amane da dusar alkama ko ta shinkafa suna taimakawa. Ki yanka musu alefu, wato alayyafo, ko zogale ƙanana-ƙanana ki watsa a ruwa, za ki sha kallo. Gara ma suna so, kamar yadda 'yan'uwanmu na arewa suke ba 'yan zabi. Duk ranar da suka fara cin ganye ko tsaki ki ajiye musu ɗan yashi mai tsakuwa.

Daga mako na uku ki sauko da furotin zuwa kamar 16 zuwa 18, ko da abincin masu tasowa ko da ƙara dusa. Wasu suna ɗura musu kifi da stata don su yi saurin girma, garin neman ƙiba a samo rama: ƙarshen fiffike ya murɗe ya juyo waje, ya tsaya haka har abada. Kuma kada su ci abincin masu ƙwai da kike ba manyan. Alli ya yi yawa a ciki, yana lalata ƙodar ƙanana. Wannan ma wani dalili ne na raba kwano.

Haɗawar

Ni ba na ƙirga kwana, jiki nake dubawa. Sharaɗina biyu ne: gashi na gaskiya ya rufe ƙirji da baya har ruwa yana gangarewa a kansu, sannan girmansu ya kai aƙalla kashi biyu cikin uku na matan. A irin namu wannan yakan faɗo tsakanin mako takwas zuwa goma. Amma aikin tun mako na uku ko na huɗu ake fara shi.

Ki kewaye wani lungu a cikin wurin manyan da ragar waya mai ƙananan ido, tsayin ƙugu, da murfi a sama saboda shirwa da hankaka, da inuwa a gefe ɗaya. Da safe idan rana ta ɗaga ki kai su can da abincinsu da ruwansu, kafin magariba ki mai da su ɗaki. Hadari ya taso, ki kwashe su, ruwan Kumasi ba ya jira kuma yana iya kashe wanda bai yi gashi ba a tsakar gida. Ranar farko za ki ga toron yana zagaye ragar, gashin kansa a tashe, yana huci yana kai sara ta waya. Matan su zo su leƙa su tafi. Ki bar su. Ki ajiye kwanon manyan dab da ragar, na ƙananan ta ciki, su riƙa ci suna kallon juna. Hausawa sun ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Bayan mako biyu ko uku za ki ga matan suna kwanciya jikin ragar suna gyaran gashi, ƙananan ta ciki suna kwaikwayonsu. Wannan ita ce alamar da nake jira.

Wajen mako shida zuwa bakwai sai a fara buɗe ƙofa, amma da matan kaɗai. Toron ne zai shiga kurkuku a wannan karon: ki sa shi cikin ragar ko wani akurki inda yake ganin kowa. Ki zaɓi ranar da kike gida, da yamma bayan manyan sun ƙoshi. Ki watsa ganye ko tsaki wuri uku ko huɗu, ruwa wuri biyu, don kada mace ɗaya ta tsare hanya. Ki sake su duka goman a tare, ba ɗaya-ɗaya ba, yawa yana raba hankalin mai duka. Ki kifa kwando ko akwati mai ƙofar da ƙanana kaɗai suke iya shiga, abincinsu ma a ciki. A bahon manyan ki sa bulo ko katako a jingine ta yadda duk wanda ya shiga zai taka ya fito. Rabin awa ranar farko, gobe awa ɗaya, haka har yini.

Za a yi ɗan tsangwama, ki daure. Mace ta miƙa wuya ta ja wa ƙarami gashi, ya ruga, ta koma cin abincinta, wannan gaisuwa ce, kowa yana koyon matsayinsa. Idan kika riƙa shiga tsakani a kan irin wannan ba za a taɓa gamawa ba. Abin da ba a bari shi ne a kama wuya a riƙe, a danne a ƙasa, a bi ɗaya har lungu ba a ƙyale shi ba, a tura kai cikin ruwa, ko a ga jini. Idan mace ɗaya ce take yi, ita za ki ware kwana uku ko huɗu, ba ƙananan ba. Tana dawowa takan tarar an ci gaba ba ita, girman kan ya ragu. Mai kwanci ko mai nata 'ya'yan kuwa, kada ki haɗa su da ita sam, ta fi toro zafi.

Kwanan dare shi ne na ƙarshe. Ko sun saba da yini, ki ƙara musu mako biyu suna kwana daban, domin a akurki ba wurin gudu, ke kuma kina barci. Ki toshe ramuka, gafiya da muzuru da dare suke aiki.

Toron

Babban toro yakan kai kilo biyar ko fiye, macen kusan rabinsa, ga farce kamar ƙugiya. Wani toron ba ruwansa da ƙanana, na taɓa yin mai irin wannan halin. Naki ya riga ya nuna nasa. Ni ba zan sake shi cikinsu ba sai sun wuce mako goma sha biyu, kuma ina tsaye. Haɗarin ba duka kaɗai ba ne, yana iya hawan 'yan matan da ba su isa ba ya karya musu ƙugu, ko ya danne su a ruwa. Idan ya sake kama wuya bayan duk wannan, to Hajiya, miyar gyaɗa tana jiransa. Ai ko ba haka ba shi ne uban waɗannan, gara ki yi musaya da wani toron daga wani gida kafin 'yan matan su fara ƙwai wajen wata shida ko bakwai.

Ki kuma shirya wa abin da ke tafe. A cikin goma, kusan rabi maza ne. Daga mako na biyar ko shida za ki fara gane su, sun fi tsawon jiki da kaurin ƙafa. Toro ɗaya ya ishi mata huɗu ko biyar. Idan kika bar maza shida a bayan gida ɗaya, faɗa ba zai ƙare ba kuma bayan wuyan matan zai zama tsirara. Ki ware su ki yi musu kiwon sayarwa. Lokacin Bronya, wato Kirsimeti, kasuwar tsuntsu tana tashi a garin nan, ga kuma Sallah. Matan kuma da fiffike ya cika suna tashi sama, sai ki same su a kan kwanon maƙwabta. Ki rage dogayen gashin fiffike ɗaya da almakashi bayan sun gama fitowa sun bushe. A gidan haya agwagwa ta fi saurin haɗa mutum da maƙwabci fiye da yara.

Ciwo

Raba su da manya a makonnin farko kariya ce ta wani ɓangaren. Babbar agwagwa tana iya ɗauke da cuta tana yawonta lafiya, ƙarami ya ɗauka ya mutu. Akwai ciwon hanta na 'yan agwagi da yake kashe su farat ɗaya tun ba su kai mako shida ba. Murar tsuntsaye ta shigo Ghana a 2007, ta dawo a 2015 da 2021, kuma agwagi suna cikin masu ɗaukarta ba tare da sun nuna ba. Ki riƙa fara hidimar ƙananan kafin ta manyan, kwanonsu daban. Sabon tsuntsu daga kasuwar Kejetia ko daga ƙauye, har da toron musayar, ya yi mako biyu zuwa uku a keɓe. Ki hana su kwata. Ruwan da ya kwanta da ruɓaɓɓen abu yana kawo gubar da take sakar musu wuya, ki ga agwagwa ta kasa ɗaga kai.

Ni mai kiwo ne, maganin ciwo da rigakafi aikin likitan dabbobi ne. Idan biyu ko uku suka mutu a jere, ki naɗe ɗaya a leda ki kai ofishin likitocin dabbobi na gwamnati a ranar, kada ki tsaya buɗe kafso a ruwa. Mai ɗingishin nan ki ware shi da ɗan'uwansa ɗaya don kada kaɗaici ya dame shi, a wuri mai laushi, abinci da ruwa kusa. Idan targaɗe ne, cikin mako zai taka. Idan ƙafar tana lilo ko akwai rauni a wuya, a kai shi a duba.

Zagaye na gaba kuwa, ki lura da matanki huɗu. Irin namu gwanayen kwanci ne, da wuya a rasa wadda za ta tsige gashin ƙirjinta ta kwanta. Idan kika samu, ki sa ƙwai a inji a ranar da ta fara. Nata da na injin za su fashe kusan tare, sai ki ɗauki na injin da zarar sun bushe, ki tura mata ƙarƙashi da dare, a cikin duhu. Yawanci gari yana wayewa ta haɗa duka ta riƙe, amma ki kasance a wurin da asuba ki gani da idonki, akwatin reno kuma a shirye, don wata takan ƙi. Dabarar ta 'yan kwana ɗaya ko biyu ce. Waɗannan goman sun wuce ta, sai raga.